Tabarau na kwali ya fi baƙin gilashin waldata duhu

Tabarau ne na kwali, irin wanda ake sawa don kallon husufin rana. Guda 25 ne a ƙunshin da ya zo mini, kowane a shimfiɗe cikin ledarsa, ba a lanƙwasa hannayensa ba tukuna. Ƙanena da ke bida a Faransa ya saya, ya ba wani mai dawowa gida ya sauke a Yamai, daga can aka ɗoro mini su a bis zuwa Tawa. Da na haɗa kuɗin saye da na hanya, kowane ɗaya ya tashi mini kusan jikka guda ta sefa. Wanda ya ɗauke shi a hannu zai ce kuɗin sun yi yawa, don kwali ne mai ɗan kauri da tagogi biyu ƙanana da aka liƙe da wata baƙar leda. Na gwada shi iya gwajin da na sani, kuma ra'ayina shi ne a saye shi, in dai an san inda ya fito. Ya fi baƙin gilashin da nake walda da shi duhu, nesa ba kusa ba, kuma wannan maganar ce nake son ta shiga kunnen mutanen garinmu.

Ni mai walda ne. Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe da amalanken jaki su ne abincina tun ina saurayi. Maganar husufi kuwa mutane ne suka kawo mini ita har rumfa. Duk sanda rediyo ta ce rana za ta kamu, mai walda ake fara tunawa. Maƙwabci ya aiko yaro a ba shi aron marufin fuska, mai shayi ya ce a ciro masa gilashin ya ɗan leƙa, har masu ilimin boko sukan tsaya da mota su tambaya. A ganinsu abin da ya tare wutar walda ai ya tare rana.

Haka aka yi ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ina yaron shago a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa. Inuwar wata ta shigo daga Gana da Togo da Benin, ta ratsa arewacin Najeriya, ta bi ta Maraɗi ta nufi Bilma, ta wuce Libiya. Mutanen Maraɗi sun ga duhu da hantsi. Mu a Tawa muna gefen hanyar, rana ta kamu ƙwarai amma ba ta rufe duka ba. Haske ya yi wani irin laushi, iska ta sanyaya, kowa ya fito bakin titi. Wasu sun ɗebo ruwa a kwano suna kallo a ciki, wasu sun turara fasasshen gilashi da hayaƙin fitila, wasu sun ciro takardar hoton ƙirji da aka ba su a likita, samari sun haɗa tabarau na gayu biyu ko uku. Marufin fuskarmu kuwa ya zaga unguwa hannu zuwa hannu. Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da ke kare ido, kuma a lokacin ba wanda ya gaya mana, ba mu ba, ba manyanmu ba.

Baƙin gilashin walda lamba gare shi, ana buga ta a kusurwa. Wanda muke samu a kasuwa a nan galibi 10 ne ko 11, kuma shi ya dace da sandar walda mai kaurin milimita 2.5 ko 3.2 da muke aikin ƙofa da taga da ita. Wanda masu yankan ƙarfe da gas ke sawa, mai zagaye biyu, wajen 5 ne. Don kallon rana kuwa, masana sun ce daga 12 zuwa 14. Mutum zai ce tsakanin 10 da 14 ai ba nisa, amma lambobin ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi: kowace lamba ɗaya da aka ƙara tana rage hasken da ke wucewa kusan sau 3. Ke nan gilashi mai lamba 10 yana barin hasken da ya ninka na lamba 14 wajen sau 50. Lamba 14 na masu aiki da wuta mai ƙarfi ne a manyan masana'antu, ni ban taɓa ganin an kasa shi a kasuwar Tawa ba. Ga kuma gilasan da ke zuwa ba lamba ko kaɗan, ko lambar ta goge. Yaron shago zai ce maka "wannan mai duhu ne, maigida", amma ido ba ya auna duhu daidai. Marufin zamani mai yin duhu da kansa in wuta ta tashi, shi ma ba a dogara da shi, don tartsatsin walda aka yi shi ya ji, rana ba lalle ta tayar da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mu masu walda mun saba da ciwon ido irin namu, har muna ganin mun san duk abin da haske ke yi wa ido. Kowane yaron shago ya taɓa kwana da shi. Ka yi ɗinki ba marufi, ko ka tsaya kusa da mai yi, da rana lafiya lau, sai cikin dare ido ya cika da tsakuwa, hawaye na zuba, ba ka iya buɗe shi. Kwana ɗaya ko biyu ya warke. Wani ma'aikacin sashen ido da na yi wa ƙofar gida ya zaunar da ni ya bayyana mini bambancin, kuma tun ranar nake maimaita wa yarana. Ciwon walda a fatar gaba ta ido yake, wadda ke rufe baƙin ido. Fatar nan cike take da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa take ihu, kuma tana sabunta kanta da sauri, shi ya sa take warkewa. Ɓarnar rana kuwa can ciki take, a bangon baya inda hoto ke sauka, wanda likitoci ke kira retina. Cikin ido akwai madubi mai tattara haske wuri ɗaya, aikinsa ɗaya da madubin da yara ke ƙona takarda da shi a rana. Idan ka tsura wa rana ido, madubin nan yana tara haskenta daidai kan ɗan wurin da ya fi ko'ina kaifin gani, wurin da kake karatu da shi, kake gane fuskar mutum, kake zura zare a allura. Kuma wurin ba shi da jijiyar jin zafi ko ɗaya. Mutum yana lalata shi yana murmushi, yana ce wa na kusa da shi zo ka gani.

Sai bayan wasu awoyi, wani lokaci sai washegari, abin ke bayyana: ɗigo baƙi ko toka-toka a tsakiyar duk abin da aka kalla, layi miƙaƙƙe ya zama karkatacce, launi ya canza, rubutu ya yi hazo. Ma'aikacin sashen idon nan ya ce mini babu wani magani tabbatacce da ake bayarwa, ba ɗigo ba, ba allura ba, ba aiki ba. Da yawa sukan samu sauƙi cikin ƴan watanni, wasu kuma ɗigon ya zauna musu har ƙarshen rai. Yara sun fi shiga haɗari saboda madubin idonsu garau yake, haske ya fi ratsa shi.

To me ya sa sai ranar husufi? Rana ɗaya ce, ba ta ƙara zafi ranar. A sauran kwanaki ba mai iya kallonta, ido da kansa yake kaucewa. Ranar husufi kuwa haske ya ragu, sha'awa ta ƙaru, sai mutum ya daure ya kalla, ya sake kallo. Alhali ɗan bakin da ya rage a buɗe ƙarfinsa bai ragu ba. Rana ta fi cikakken wata haske wajen sau 400,000, saboda haka ko kashi 1 cikin 100 ne ya saura, ya ninka farin wata na daren sha huɗu sau dubbai. Gilashin da bai kai ba, irin nawa mai lamba 10, ya fi rashinsa illa ta wani ɓangare, don yana kashe ƙyallin da ke sa ido ya kauce, ya bar mutum ya daɗe yana kallo.

Wani dattijo maƙwabcina, da ya ji ina hana aron marufi, ya ce, "Kai yaro, mu da muka kalli husufi tun zamanin Diori, ga mu nan da idanunmu." Gaskiyarsa ta wani gefe. Ranar 30 ga Yuni 1973, Diori Hamani na mulki, an yi husufin da ke cikin mafiya tsawo a ƙarnin da ya wuce, kuma inda ya fi daɗewa cikin ƙasarmu ne, a hamadar da ke arewa da mu, yamma da Arlit, inda rana ta rufe fiye da minti 7. Har jirgin Concorde masana suka hau suka bi inuwar ta saman Nijar suka sauka Cadi. Na ce masa, "Baba, ba makanta baki ɗaya ake nufi ba. Ɗigo ne a tsakiya. Mai shi yana tafiya, yana noma, yana zuwa kasuwa, amma ya buɗe Alƙur'ani baƙin da yake nema shi ne ba ya gani. Mutum nawa ne a cikinku suka ce tsufa ne ko hawan jini, ba wanda ya duba?" Ya yi shiru, ya ce a ajiye masa guda ɗaya don jikokinsa.

Shi tabaran kansa, a cikin hannunsa an buga ISO 12312-2, da shekarar 2015, da sunan kamfanin da adireshinsa. Wannan ita ce ƙa'idar duniya ta abin kallon rana kai tsaye. Abokin hirata a fada, wani mushe, wato malamin boko, mai koyar da kimiyya, shi ya karanta mini rubutun, ya ce ƙa'idar ba ta yarda hasken da ke wucewa ya haura kusan kashi 3 cikin 100,000 ba, kuma dole ledar ta tare hasken da ido ba ya gani, na sama da shuɗi da na ƙasa da ja. Tabarau na gayu, komai baƙinsa, yana barin abin da ya ninka haka sau dubbai.

Gwajin farko a ɗaki na yi shi da dare, wuta na kunne. Da na sa shi ban ga komai ba, ko hannuna. Na juya wajen ƙwan lantarki, babu. Sai da na kunna tocilan salula na kawo ta dab da ledar sannan na ga ɗan ɗigo ja-ja, dusu-dusu. Na ɗauko gilashina mai lamba 10 na yi masa irin wannan gwajin, tocilan ta fito tas da launin kore, har ina ganin zagayenta. A nan na tabbatar da abin da lissafi ya faɗa. Washegari da azahar na fita tsakar gida da shi, bango da itace da yara duk sun ɓace, ƙyallin rana a jikin madubin babur kaɗai ya ɗan fito. Sannan na sunkuyar da kai, na gyara shi a fuska, na ɗaga. Rana ta fito ƙarama, zagayayya, ruwan lemo, bakinta a yanke tsaf ba hazo a kewaye, bayanta baƙi ƙirin. Ido bai matse ba, bai yi hawaye ba, kuma da na sunkuya na cire ba wani tabon haske da ya biyo ni. Abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantarta. Abin da ke dafa ƙasarmu ta Adar tun daga Maris har saukar ruwa, in ka miƙa hannu kan ƙaramin yatsanka ya rufe shi. Uwargida ta karɓa ta gwada, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce Subhanallahi, ta kira yara.

Aibunsa kuma yana da su, kuma wanda zai kashe jikka ya kamata ya ji. Na farko, kwali ne. Zufar Tawa tana jiƙa hannayen ta bayan kunne, su yi laushi, su daina kamawa. Iska in ta taso tana iya fizge shi daga fuska daidai lokacin da kai ke sama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni na huda ƙarshen hannayen biyu na ɗaura roba irin ta wando, ya zauna daram. Ga yara ƙanana ya yi faɗi, yana zamewa, haske na shiga ta sama da ta gefe. Ƙaramar ɗiyata sai da na yanka faffaɗan kwali na buɗe masa taga na liƙa tabaran a ciki, ta riƙe da hannu biyu ya rufe fuskar duka. Na ga wannan ya fi, kuma ko da shi ba na barin yaro ya kalla sai babba na tsaye a kansa.

Na biyu, ledar ba ta son wahala. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kai aka goge da bakin riga, tana iya karcewa. Yaro ya sa farce ko tsinke, an gama. Kafin kowane amfani sai an ɗaga shi gaban fitila mai ƙarfi an duba ko akwai huda, ko karce, ko inda ledar ta saki kwalin. In an ga ko ɗaya, a yaga shi a yar, kar a ajiye wani ya tsinta. Nawa suna cikin ambulan, ambulan cikin gwangwanin biskit, gwangwanin a saman kabad. In an adana shi haka ba ya lalacewa don daɗewa kawai, wanda ya cika ƙa'idar 2015 ana iya amfani da shi shekara da shekaru muddin bai ji rauni ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata mini rai. Duk gargaɗin da ke jikinsa da Turancin Ingilishi ne da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe da ko mai lafiyar ido sai ya matso. Mafi yawan waɗanda za su sa shi a garinmu ba za su karanta ba. Kuma cikin gargaɗin akwai wanda rai ke rataye a kansa: ba a sa tabaran nan sannan a leƙa ta cikin madubin hangen nesa ko kyamara. Waɗannan na'urori suna tara hasken ne su zuba shi wuri ɗaya, ya huda ledar nan take ya shiga ido. Su tacensu daban ne, a gaban na'urar ake ɗaura shi. Mai tabarau na likita ya bar nasa a fuska ya ɗora na kwalin a kai. Ba a tafiya da shi, balle a hau babur. Kuma ga ƴan uwana masu sana'a, ba a walda da shi, ba a yi shi don tartsatsi ba, kuma ba ya kare fuska.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta sa na ce a san inda ya fito. Mushe ya dawo daga Yamai da wani guda ɗaya da ya saya a wani shago don mu gwada. Kamanninsu ɗaya da nawa, har hoton rana da wata a goshi, kuma shi ma an buga masa ISO 12312-2, sai dai ba sunan kamfani ba adireshi. Da na sa shi a ɗaki na ga ƙwan lantarki sarai, na ga ƙofa da hasken waje. Ban kai shi ga rana ba, mun yanka shi da almakashi. Mai shagon ban ce ya san abin da yake sayarwa ba, shi ma sarowa ya yi. Amma duk mai injin buga takarda yana iya buga lambar nan a kan kwali. Abin ya faru har a Amurka: gab da husufin Agusta 2017 kamfanin Amazon ya mayar wa mutane kuɗinsu kan tabaran da ba a tabbatar da ingancinsu ba, kuma kafin na 8 ga Afrilu 2024 ƙungiyar masana taurari ta Amurka, AAS, ta yi gargaɗi cewa jabu sun shiga kasuwa, wasu har da sunan kamfanonin gaskiya a jikinsu. Ƙungiyar tana da jerin kamfanoni da dillalan da ta tantance a shafinta na intanet, a nan ƙanena ya duba kafin ya saya. In ƙasar da ke da masu bincike ta sha wannan, mu da kaya ke shigo mana ta kowace iyaka sai mu ƙara buɗe ido.

Gwajin ɗaki yana tona mugun tabarau, amma ba ya wanke mai kyau ɗari bisa ɗari, don hasken da ido ba ya gani ba a gane shi da tocila. Shi ya sa abu biyu ne sai sun haɗu: ya ci gwajin, kuma a san wanda ya ƙera shi. Mai sayarwa da ba zai iya gaya maka sunan kamfanin ba, ka bar masa kayansa ko da dala ashirin ya ce.

Abin da ya sa nake wannan magana tun yanzu shi ne shekarar 2027 tana ɗauke da husufi biyu da za su taɓa mu. Na farko ranar Asabar 6 ga Fabrairu, da yamma. Masu bakin teku, daga Kodebuwa zuwa Gana da Togo da Benin har kudancin Najeriya, za su ga rana ta zama zobe gab da faɗuwarta. Ƴan uwanmu ƴan bida da ke can su ji da kyau, husufin zobe ba shi da lokacin da ake cire tabarau ko na ƙiftawa ɗaya. Mu a nan wani sashe za mu gani, rana za ta faɗi tana kame. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Lokacin hunturu ne, kuma kowa ya san yadda rana ke zama farin faifai cikin ƙura da la'asar sakaliya, har mutum ya kalle ta ido bai ƙi ba. Ƙura tana rage ƙyalli, ba ta zama kariya. Ga shi kuma ƙarshen Sha'aban ne, gab da azumi, lokacin da dama idon jama'a yana yamma.

Na biyu ranar Litinin 2 ga Agusta, da hantsi. Inuwar za ta bi ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ta kai Masar inda a Luksor duhun zai wuce minti 6, ta ƙetare zuwa Jidda da Makka. Waɗanda ke kan hanyar su ne kaɗai ke da izinin cire tabarau, a cikin ƴan mintocin da rana ta rufe ruf, su mayar da zarar bakinta ya leƙo. Tawa da Yamai ba sa kan hanyar. Abin da za mu gani bai kai na 2006 ba, kuma daga farko har ƙarshe ba a kallo da ido tsirara. Damina ce, wataƙila hadari ya rufe. Gajimare mai kauri ya hana kallo baki ɗaya, siriri kuwa shi ne mai yaudara, daidai da ƙurar hunturu.

Jikka guda kan kowane kai ba gida kowa ke iyawa ba, na sani. Amma ba dole kowa ya mallaki nasa ba. Husufi daga kamawa zuwa saki yakan ɗauki awa biyu ko kusa, kuma a hankali yake tafiya. Tabarau ɗaya ya ishi gida guda, kowa ya leƙa ya miƙa wa na gaba, bayan ɗan lokaci a sake zagayowa. Wanda bai samu ba ko kaɗan, akwai hanyar da ba ta cin ko dala. A huda ƙaramin rami a kwali, a ba rana baya, a bar haske ya bi ta ramin ya sauka a farar takarda ko a ƙasa. Siffar rana ce za ta fito, da gutsuren da wata ya ci. Ƙasa ake kallo, ba a leƙa rana ta ramin. Madambaci ma yana yi, kowane rami da tasa ƴar rana, haka malafa mai sarari a saƙarta. Mafi sauƙi duka, a tsaya ƙarƙashin dogon yaro a dubi inuwarsa: ɗigogin hasken da ke ratsowa tsakanin ganye duk za su koma kamar jinjirin wata. Ga yara ƙanana ni wannan na fi so da tabaran ma, don kansu a ƙasa yake.

Akwai sallar kusufi, raka'a biyu da ruku'u biyu a kowace raka'a, kuma manya za su tafi masallaci kamar yadda aka saba. Lokacin da manya ke cikin sahu, yara ne ke waje ba mai kula, almajirai da ƴan lekwal da masu talla. Shi ya sa cikin 25 ɗin nan na ba mushe 10 don ajinsa, na kai wa malamin makarantar allon unguwarmu 5 na nuna masa yadda ake sawa da cirewa: a sunkuya a sa, a ɗaga a kalla, a sunkuya a cire. Na roƙi limaminmu in lokaci ya matso ya faɗa a masallaci cewa kar a kalli rana da gilashin walda ko ruwan kwano ko takardar hoton likita. Maganar liman ɗaya ta fi rubutun da ke jikin kwalin isa gidaje.

Wanda kuma ya riga ya kalla ya wayi gari da ɗigo ko hazo a tsakiyar gani, ya tafi sashen ido a likita a duba shi, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. Kar a ɗiga madarar gwangwani ko ruwan sukari ko a ƙara kwalli, irin abin da ake yi wa ciwon walda a rumfuna. Ɓarnar tana can bayan ido inda ba abin da aka ɗiga zai kai, kuma ana iya jawo wata cutar a kan ta farko.

Masu farmasi da masu shagon tabarau na Yamai da Tawa, wannan kaya ne da ya dace da ku fiye da ƴan tebur. Ba ya da nauyi, ba ya cin wuri, kuma in an saro da yawa kai tsaye daga kamfanin da aka tantance, kuɗin kowane ɗaya zai sauko ƙasa da abin da na biya. A haɗa shi da ƴar takarda da Hausa, da boko da ajami, mai layi huɗu ko biyar. Oda daga waje tana ɗaukar lokaci kafin ta iso nan, kuma da zarar rediyo ta fara sanarwa kuɗi zai hau, jabu kuma su cika kasuwa, saboda haka wanda zai yi ya yi kafin hunturu ya shiga.